Tambayoyin Masu Karatu: Shirya Katkat Don Shiga Daji da Kwana a Can

Tun da ruwa ya ɗauke, hanyoyin arewa suka fara bushewa, wasiƙun da ke zo mana sun karkata wuri guda: yadda za a shirya mota mai jan ƙafa huɗu, wato katkat, a shiga daji da ita a kwana biyu ko uku a dawo lafiya. Mun zaɓi waɗanda suka fi yawan maimaituwa, mun zauna a kansu tare da makanikai da direbobin da suka san hanyoyin Dakoro, Bermo da Mayahi.

Assalamu alaikum. Na sayi Hilux mai gida biyu, ta gazuwal, ta hannu. Ina so in riƙa kai iyali daji lokacin sanyi. Na ware jika ɗari biyar. Mai walda ya ce in fara da ƙarfen gaba, da kariyar ɗora kaya a saman rufi, da manyan fitilu. Da me zan fara?
*Wani ɗan kasuwa, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi*

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Mai walda ya faɗa maka abin da yake sayarwa ne. Mu a ganinmu duk ukun nan su ne na ƙarshe a layi, kuma mai yiwuwa ba za ka taɓa buƙatarsu ba.

Kashi na farko na kuɗin nan garaji zai tafi. Motar hannu ba ka san abin da ta gani ba, don haka ka ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba. A juye baƙin mai da filtarsa, a canza filtar gazuwal da ta iska. A juye man giya, da na ƙaramar giya mai kai ƙarfi ga ƙafafun gaba da na baya, da na aksul ɗin gaba da na baya, ka tsaya ka ga man da ya fito da idonka: in ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya taɓa shiga, in kana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, haƙoran giya ko boris sun fara ci. In injinka mai bel ɗin tayimin ne kuma babu takardar da ta nuna ranar da aka canza shi, a canza shi yanzu tare da tayoyin da ke ɗaure shi. Bel ɗin nan ba ya ba da sanarwa, in ya tsinke inji yake tafiya da shi. Sai boris na ƙafafu, da birki, da robobin ruwa na lagireto. Ka matsa kowace roba da hannu inji na sanyi. Wadda ta yi laushi kamar danƙo ko ta bushe ta tsage, a fitar da ita.

Kashi na biyu taya. Za mu yi bayaninta a amsa ta gaba.

Abin da ya rage ka sayi felu, da famfon iska mai aiki da batir, da ma'aunin iska, da igiyar ja, da jarkokin ruwa.

Yanzu bari mu nuna maka dalilin da ya sa muke ƙin ƙarfe. Ka buɗe ƙofar direba ko bonet, za ka ga ɗan faranti da aka rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai da kayanta. Ka cire nauyin motar ita kaɗai, abin da ya saura shi ne rabonka. A yawancin Hilux mai gida biyu yana tsakanin kilo 800 zuwa 1,000. Mu ɗauki 900. Manya huɗu, kilo 300. Ruwa lita 140 da jarkokinsa, 150. Gazuwal jarka uku, wajen 63. Safaya ta biyu, 35. Batir na biyu da firiji cike, 70. Kayan gyara da na fitar da mota, 60. Abinci da tukunyar gas da tukwane, 50. Shimfiɗa da jakunkuna, 70. Mun kai 798 ke nan, ba mu ɗora ko ƙusa ɗaya ta mai walda ba. Ƙarfen gaba da winci, wato injin igiyar da ke jawo mota in ta kafe, sun kai kilo 90, kariya 30, tantin saman rufi 60. Ka ga mun haura iyaka da kusan kilo 80. Motar da ta haura iyakarta tana nitsewa a rairayi da wuri, tana shan mai, tana zafi, sifirin ɗinta na karyewa a gargada, birkinta kuma yana ƙara nisa kafin ya kama.

Wurin da ka ajiye kayan ma yana da hukunci. Ruwa, mai, batir da kayan ƙarfe su zauna a ƙasa, a gaban aksul ɗin baya, jikin gidan direba. In ka tara su a bakin ƙofar baya, gaban motar zai yi sauƙi, sitiyari ya riƙa yawo, shasi kuma ya sha wahala a daidai inda bodi ya rabu da gida. Komai a ɗaure shi da bel mai ƙugiya. Jarkar lita 20 da aka bari sake, in aka taka birki da ƙarfi, dutse ce.

In bayan ka loda ka ga bayan motar ya zauna, a ƙara ganye ɗaya a sifirin kowane gefe a sa shokozoba masu kyau. Kada a ɗaga motar fiye da santimita 5. Abin da ya wuce haka yana karkatar da ƙafafun jan gaba, su riƙa yaga robarsu, kuma motar ta fi saurin kifewa a gefen tudu. Ƙarin ganye yana gyara zaman mota, amma ba ya ƙara wa aksul da birki da taya iyakar da aka ƙera su da ita.

Ina zuwa kasuwannin dabbobi a arewacin Dakoro. Duk tafiya sai na kafe a rairayi ko ƙaya ta fasa mini taya. Mai faci yana cika mini iska sosai don kada ta fashe. Wace taya zan saya, kuma iska nawa?
*Wani mai fataucin dabbobi, Kornaka*

Malam, cikon iskar nan shi ke kafe ka. Taya mai tauri tana huda rairayi kamar turmi. In aka rage mata iska sai tafinta ya yi tsawo, nauyi ya bazu, motar ta hau saman yashi maimakon ta tona shi. Wannan dabarar ta fi duk wani ƙarfe da za ka saya amfani, kuma kyauta ce.

Ana auna iska da bar, wanda masu faci ke kira kilo. In ma'auninka na Najeriya ne mai rubutun psi, bar 1 ya yi daidai da psi 14.5. A kwalta ka bi abin da ke rubuce a jikin ƙofa. Da kaya yawanci yana tsakanin 2.5 zuwa 3. A hanyar jar ƙasa mai gargada ka rage kashi ɗaya cikin biyar, kamar 2 zuwa 2.4, gudu kuma kada ya wuce kilomita 70. A rairayi ka sauko 1.5, in mai laushi ne ƙwarai 1.2, gudu ƙasa da kilomita 40. In ka riga ka kafe kana iya saukowa har 0.8 don ka fita kawai, da ka fita ka mayar. A wannan ƙarancin iska kada ka murɗa sitiyari da ƙarfi, don taya na iya zamewa daga rim.

Haɗarin yana wajen dawowa. Taya mai ƙarancin iska in ta hau kwalta aka yi gudu da ita, gefenta na lanƙwashewa sau dubbai, ta yi zafi, zarenta ya rabu, ta fashe. Saboda haka wanda ba shi da famfo ba shi da ikon rage iska. Ka sayi famfon da ake maƙala wa kan batir kai tsaye da ƙugiyoyi. Mai shiga ramin kunna taba yana ƙona fis, kuma kafin ya cika taya huɗu ya mutu. Ka bar inji na aiki lokacin da kake bugawa.

Tayar da za ka saya ita ce mai harafin LT a jikinta, mai ƙarfin ninki 8 ko 10, mai zanen da ya dace da kwalta da daji duka. Mai manyan haƙora ta laka tana da kyan gani, amma a yashi tona rami take yi. Ka tsaya a girman da motar ta zo da shi ko kusa da shi, kamar 7.50R16 ko 235/85R16 a Land Cruiser, 265/65R17 a sababbin Hilux. Tayar da girmanta ya wuce kima tana kashe ƙarfin giya tana cin kuloci. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 3519 na nufin mako na 35 na 2019. Tayar da ta wuce shekara shida, ko zanenta na nan daram, zafin ƙasarmu ya riga ya busar da robarta. Yawancin tayoyin hannu da ake jibgewa a kasuwa nan suke faɗuwa.

Batun ƙaya kuwa, ta aduwa da ta kandili suna shiga tafin taya, kuma wannan ana toshe shi da igiyar faci cikin minti goma ba tare da an cire taya ba, in marar tub ce. Abin da ke kashe taya gaba ɗaya shi ne kututturen sabara ko kalgo da aka sare a gona, ya ɓuya cikin ciyawa, ya yage gefenta. Yagar gefe ba ta da faci mai aminci. Shi ya sa muke cewa ka bi sawun motocin da suka riga ka, kada ka yanke ta gona, kuma ka riƙe safaya biyu. Mai rim mai zobe da tub ya riƙe tub biyu sababbi, kuma kada ya sauka ƙasa da 1.2 in ba dole ba, don taya na iya juyawa a kan rim ta tsinke bakin tub. In za a buga wa irin wannan rim iska bayan faci, a juya zoben ya kalli ƙasa, kowa ya kauce daga gabansa. Bayan ka canza taya ka sake ɗaure notuna in ka yi kilomita 50.

Direbana yana barin karabo, wato giyar jan ƙafa huɗu, a ciki tun daga Maradi, ya ce mota ta fi kama hanya. Gaskiya ne?
*Wata ma'aikaciya, unguwar Zariya*

Hajiya, ki hana shi yau. Hilux da Land Cruiser 70 ba su da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya. In aka sa H4, wato jan ƙafa huɗu, sai aksul biyu su ɗaure su riƙa juyi ɗaya, alhali a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya yin nisa. A yashi taya na ɗan zamewa ta sauke bambancin, a kwalta kuwa ba ta zamewa, sai ƙarfin ya taru cikin ƙaramar giya da farfela, wato sandar da ke kai juyi ga aksul, har wani abu ya karye. Alamarsa sitiyari ya yi nauyi, karabo ya ƙi fita. In haka ta faru a ja baya a miƙe mita goma zuwa ashirin, zai saki. H2, wato jan ƙafa biyu, a kwalta, H4 da an sauka ƙasa, kafin a kafe. L4, wato jan ƙafa huɗu mai ƙarfi a tafiya sannu, sai an tsaya cak an sa giya a sake. In cibiyar ƙafafun gaba mai murɗawa ce da hannu, a murɗa duka biyun zuwa kulle, in ba haka ba karabon banza ne.

Tafiyarmu kilomita 250 ce a kwalta, 200 a rairayi, mu huɗu, kwana uku. Mai da ruwa nawa za mu ɗauka? Kuma man kwalba na bakin hanya yana da illa?
*Wani malamin makaranta, Tasawa*

Malam, lissafin ba shi da wuya. Hilux ta gazuwal da kaya tana shan wajen lita 11 a kilomita 100 na kwalta, a rairayi kuwa ka sa 18. Kwalta lita 28, rairayi 36, jimla 64. Ka ƙara sulusi saboda ɓatan hanya, kafewa da komawa baya: lita 85. Tankin Hilux bai wuce lita 80 ba, don haka jarka ɗaya dole ce, biyu sun fi kwanciyar hankali. Mai Land Cruiser da injin 1HZ, mai lita 4.2, ya sa 13 a kwalta, 20 zuwa 25 a yashi. Ta fetur ta fi haka sha. Amma ka auna taka: cika tanki, yi kilomita 200, sake cikawa, ka raba. Fetur a jarkar ƙarfe kawai ake ɗaukarsa, a waje, ba cikin gida tare da mutane ba, kuma a bar masa ɗan sarari don yana kumbura da zafi.

Man kwalba ya danganta da injinka. Tsofaffin injuna irin 1HZ da 5L suna da haƙuri. Sababbin da kwamfuta ke sarrafa feshinsu, irin 2KD da 1GD, suna tura gazuwal da ƙarfin da ya haura bar 1,000, kuma gazuwal ɗin ne ke shafa wa famfon da allurai mai. Ruwa kaɗan ko ƙura ko gaurayen kananzir ya isa ya cinye su, gyaransu kuma ya fi duk kuɗin man da ka yi rangwame. Ka cika a gidan mai mai yawan ciniki kafin ka bar gari. In dole ta sa ka sayi na kwalba, ka ɗaga ta a rana ka duba ƙasanta, ka tace da mazurari mai raga, ka bar ɗan na ƙarshe a kwalbar. A ƙasan filtar gazuwal akwai ɗan murfi na tsiyayar da ruwa. In fitilarsa ta kama a gabanka, tsaya nan take ka buɗe shi har gazuwal zalla ya fito, ka buga famfon hannu na saman filtar har ya yi tauri. Ka riƙe filta ɗaya sabuwa.

Ruwa lita 10 ga kowane mutum a rana, sha da girki da alwala. Ku huɗu kwana uku lita 120, da 20 na mota da ba a taɓawa. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, sha kaɗai na iya cin lita 6 zuwa 8, sai ku ƙara, ko ma ku ɗage tafiyar. A raba shi jarka-jarka; tanki guda in ya huje, duka ya tafi. Ruwan rijiya ko na tabki a tace shi da ƙyalle, a tafasa, ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa a jira minti 30. Wanda zawo ko zafi ya kama, a haɗa masa lita 1 na ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In mota ta mutu a inda ba kowa, ku zauna jikinta cikin inuwa. Mota ake hangowa daga nesa, ba mutum ba.

Na sa firiji a mota, da asuba ta ƙi tashi. Me ya faru?
*Wani mai karatu, Gidan Rumji*

Ɗan'uwa, firijin ya kwana yana shan batir ɗin tayar da inji. Firiji mai lita 40 a zafinmu yana cin wajen amfiya-awa 40 a yini, batir ɗin tayarwa kuma ba a yi shi don a tatse shi a hankali ba. Sau kaɗan za ka yi masa haka ya mutu gaba ɗaya.

Maganin batir na biyu ne, irin na sola mai jure tatsa, mai amfiya-awa 100. Rabi kawai ake ci daga irin wannan, wato 50, kwana ɗaya da ɗan ƙari. Tsakaninsa da na farko a sa na'urar rabawa, wadda ke haɗa su in wuta ta kai wajen bolt 13.3, wato inji na aiki, ta raba su in ta sauka wajen 12.8. Sababbin motocin da kwamfuta ke rage wutar altaneta suna buƙatar ƙaramar caja ta musamman a madadinta. In batir ɗin a baya zai zauna, waya ta kai kaurin milimita murabba'i 16 zuwa 25. Siririya tana zubar da wuta a hanya, batir ba zai taɓa cika ba. Fis biyu, ɗaya a bakin kowane batir, bai fi taƙi guda daga kansa ba, don wayar tana da wuta ta kai biyu. Duk inda ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Gobarar mota da yawa daga wayar da gargada ta goge a jikin ƙarfe take tashi. Faifan sola mai wat 120, in ana share masa ƙura, zai mayar da kusan abin da firijin ya sha. Wasu tsofaffin Land Cruiser na gazuwal bolt 24 suke, sai mai wayarin ya auna kafin ya taɓa komai.

In na kafe, me zan yi? Winci ya zama dole?
*Wani matashi, Mayahi*

Ƙanenmu, abu na farko ka ɗaga ƙafa daga totur. Da ka ji taya na juyi mota ba ta gaba, kowane daƙiƙa rami kake ƙara wa kanka. Ka gwada ja da baya a kan sawunka a hankali. In ta ƙi, kowa ya sauka, a rage iska zuwa 1 ko 0.8, a kwashe yashi da felu daga gaban tayoyi huɗu a yi musu gangara mai sauƙi, a miƙe sitiyari. Ka leƙa ƙasa: in aksul ko shasi ya zauna a kan yashi, tayoyi ba sa ɗauke da nauyi, sai an tone ƙarƙashin ko an ɗaga da jak an cika ramin. Jak a yashi nitsewa yake yi, don haka ka riƙe katako mai faɗin santimita 30 kowane gefe, kauri 4. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sai a cusa farantan yashi, wato dogayen farantan da taya ke hawa ta fita, a gaban taya, a sa L4 giya ta biyu, a tashi sannu, kada a tsaya sai an taka ƙasa mai ƙarfi. Kada ka riƙe kuloci rabi-rabi. Warin ƙonewarsa za ka ji, kuma kuloci ba a gyara shi a daji.

Winci yana son abin da za a ɗaura masa, arewa kuwa sai ka yi nisa ba ka ga itacen da zai riƙe mota ba. Sai dai ka tona rami mai zurfin mita guda ka binne safaya, aikin da ya fi tonon motar kanta. Mota ta biyu ta fi winci. Igiyar ja mai miƙewa, tsawon mita 9, mai ƙarfin tan 8, ta dace da irin waɗannan motoci. A ɗaura ta a ƙugiyar da aka ɗaure da manyan notuna a shasi. Kada a taɓa rataya ta a ƙwallon jan tirela, ko a ɗan zoben da ake ɗaure mota da shi a jirgin ruwa. Suna tsinkewa su taso kamar harsashi, kuma sun kashe mutane. Kada a haɗa igiya biyu da ƙarfe. A jefa bargo a tsakiyar igiyar, ƴan kallo, musamman yaran ƙauye da ke rugowa taimako, su ja baya fiye da tsawonta sau ɗaya da rabi.

Bayan damina motata na zafi a daji, a gari kuwa lafiya lau. Makanike ya ce a cire tamostat.
*Wani direba, Dakoro*

Kada a cire. Tamostat, ɗan abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ba shi ne ciwon ba. In ana zarginsa a jefa shi a ruwan zafi a ga ko yana buɗewa, in ya ƙi a sa sabo. Ka haska tocila tsakanin lagireto da na na'urar sanyi, za ka tarar da ƴaƴan ciyawa da karangiya sun yi tabarma a wurin. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, a ɗaura ragar sauro a gaban motar, a riƙa kakkaɓe ta a kowace tsayawa. Ruwan rijiya mai kanwa yana toshe lagireto daga ciki, don haka a sa ruwan sanyaya inji na gaskiya. In allura ta hau, tsaya, fuskanci iska, bar inji na aiki a hankali har ta sauko. Kada ka buɗe murfi da zafi.

Ciyawar nan tana da haɗarin da ya fi zafin inji. Tana naɗewa a farfela, tana taruwa a saman salansa da farantin kare ciki, ta bushe ta kama wuta. Daga Oktoba zuwa Disamba makiyayan Bermo da kwarin Tarka suna rayuwa ne a kan busasshiyar ciyawar nan, gobara ɗaya kuma tana cinye abincin dabbobin shekara. Duk awa guda ka tsaya ka leƙa ƙasa, ka zaro ciyawar da ƙugiyar waya. Kada ka ajiye mota mai zafi a kan doguwar ciyawa. Tukunyar kashe gobara ta kilo 2 ta zauna inda hannun direba ke kaiwa, ba ƙarƙashin kaya ba.

Filtar iska kuma lokacin hunturu a ciro ta kowace yamma a bubbuga a tafin hannu. Hura ta da iska mai ƙarfi yana huda takardar, ƙura ta wuce cikin inji. Bututun shaƙar iska na sama yana rage ƙura in kana bin bayan wasu motoci, amma sai an liƙe duk mahaɗansa.

Zan iya ratsa gulbi da ruwa tun da ina da bututun sama?
*Wani mai karatu, Madarumfa*

In ruwan na gudu, a'a. Gulbin Maradi da Gulbin Kaba da ƙoramun da ke zuba cikinsu suna kwashe yashin ƙarƙashin taya, mota ta karkata. Ka jira ya janye. In kwantacce ne, mutum ya fara takawa da sanda. Ya wuce gwiwa, a nemi wata hanya. Bututu inji kaɗai yake karewa, ban da wayarin da aksul. Aksul mai zafi in ya shiga ruwa yana zuƙo shi ta kafar numfashinsa, sai a duba mansa washegari.

Muna so mu kai yara su ga raƙuman dawa a Gadabeji. Ina za mu kwana, kuma tantin saman rufi ya fi?
*Wata uwa, unguwar Sabon Gari, Maradi*

Hajiya, tafiya ce mai kyau. An keɓe gandun Gadabeji tun 1955, UNESCO ta sa shi cikin jerin gandayen da take kulawa da su a 2017, a 2018 kuma aka kai masa raƙuman dawa daga yankin Kure. Wuri ne mai doka: ba farauta, ba sarar itace, ba a shiga sai da izinin ma'aikatan gandun daji, su ne kuma za su ba ku ɗan jagora su nuna muku inda aka yarda a sauka. Kafin ku tashi ku tambayi jandarmomi halin da hanya ke ciki a wannan makon, ku bi abin da suka ce ko da ya ɓata muku shiri. Dazuzzukan kudu da ke bakin iyaka, wajen Baban Rafi, ba ma ba kowa shawarar kwana a cikinsu saboda ƴan bindiga. Ku tafi mota biyu, kada ku yi tafiyar dare, ku bar wa wani a gida hanyarku da ranar dawowa, don layin waya yana ɗaukewa. Ku sauke taswira a waya tun daga gida, takardun mota da na kowa su cika.

Tantin sama yana raba ku da kunama, amma kilo 60 ne a wuri mafi muni ga mota, kuma hawa tsani da yara cikin dare wahala ce. Gadon sauka-da-naɗewa, gidan sauro mai magani, da tamfol da aka ɗaura a jikin mota sun wadatar. A Disamba da Janairu sanyin asuba na daji yana da ƙarfi, kowa da bargonsa, yara da hula. Kada a shigar da garwashin shayi cikin tanti ko mota a rufe. Hayaƙinsa marar wari ne, yana kisa cikin barci.

Ku sauka tun la'asar da sauran haske. Kada ku kwana a cikin ƙorama, ko bakin rijiya inda garke ke sauka da asuba, ko a kan burtali. In akwai ruga ko ƙauye kusa, maigida ya je ya gaida hardo ko maigari ya sanar da shi, da ɗan sukari da ganyen shayi a hannu. A share wurin wuta har ƙasa ta fito taku uku kowane gefe, a binne ta da yashi kafin a kwanta. Yara kada su taka ƙasa da dare ba takalmi da tocila, saboda kububuwa da dare take fita. In ta sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe da awarwaro, a ɗaura wa gaɓar sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa. Saboda irin wannan, a ajiye mota tana fuskantar hanyar fita, makulli a wurin da manya duka suka sani. Da safe a zazzage kowane takalmi kafin a sa ƙafa.